Bututu na Biyu

A Kudanda, bayan garejin manyan motoci, nake aiki,
inda inji ke zuƙo ruwa daga rijiyar burtsatse,
ruwa mai zartsi, wanda ko akuya ta kurɓa sai ta girgiza kai.
Inji ya matse shi ta ƙofofin da ido ba ya gani,
ya fito ta bututu biyu.

Na farko kowa ya san shi.
Shi ne na leda, mai tambari, mai sanyi,
shi ake miƙawa ta tagar mota a Kawo,
a tsotse, a yar.

Na biyun ni kaɗai na san shi.
Ba shi da suna, ba shi da farashi.
Duk gishirin da aka sauke wa ɗan'uwansa
shi aka ɗora wa.
Na sa masa tiyo, na kai shi bakin kwata,
na kakkaɓe hannuna.
Shekara uku haka.

Ita kuwa kwata ba ta riƙe sirri.
Ta bi bayan gidan burodi, ta kutsa ƙarƙashin titi,
ta gangara fadama, lambun Baba Cindo.

Wata Laraba ya zo, ko kujera bai karɓa ba.
Ya buɗe tafin hannu:
dunƙulen ƙasa, samansa fari fat kamar an barbaɗa gari.
Ya ce, "Lasa."
Na lasa.
Ya ce, "Latas ɗina ya ƙone, ba wuta.
Alayyafo ya tsumbure kamar yaron da aka yaye da wuri.
Ban yi boko ba, ɗana,
amma harshe ba ya neman takarda."

Hajiya Barmani, mai kamfani, ta ja biro,
siminti buhu kaza, baƙar leda yadi kaza,
ta yi tsaki, ta ce, "Kwata fa kyauta ce."
Na ce, "Kyauta ce a nan, Hajiya.
Can gangare wani ke biya."
Kwana goma sha ɗaya ba ta amsa gaisuwata ba.
A na sha biyu tifa ta juye yashi.

Muka gina kwami uku, masu faɗi,
zurfinsu bai kai gwiwa ba.
Muka juya tiyo.
Rana ta kama aiki, ba albashi, ba yajin aiki,
tana kwashe ruwa ta sama, a hankali,
tana bar mana ɓawo mai ƙyalli a ƙasa.
Da shebur nake kankara, bayana na ƙara.

Ba gishirin miya ba ne, kada wani ya ruɗe,
yana da ɗaci, launinsa na toka.
Sai da aka kai gwaji kafin Mati mai fata
ya zo daga Zango da kekensa,
ya murza a yatsa, ya taya, muka yi ciniki.
Abin da ya kashe latas
yanzu shi ke hana fata ruɓa.

Ba zan ce mun gama ba.
Damina ta zo ta yi mana dariya,
kwamin tsakiya ya cika ya tumbatsa a daren Agusta,
na fita da tocila, ina tare ruwa da buhun yashi
kamar mai tare gulma da hannu.
Har yau rufin da Hajiya ta yi alkawari
yana cikin littafinta.

Ƙasar Baba Cindo kuma ba ta huce ba.
Gishiri da saurin shiga, da nawar fita.
Sai bana kunya ɗaya ta yakuwa ta ɗago kai.
Ya aiko jikansa da dami guda,
ba saƙo, ba gaisuwa.
Matata ta sa a miya.
Na ce ta rage gishiri.